Ranar Wankin Gunvor

A gidanmu na unguwar Majorna mutane ba sa faɗa a kan siyasa, ba sa faɗa a kan addini. A kan ɗakin wanki suke faɗa, kuma ko shi ɗin ba da baki ba. Tun ina aikin walda a tashar ƙera jiragen ruwa nake zaune a wannan bene, ban taɓa jin maƙwabci ya ɗaga wa maƙwabci murya ba. In ka bar datti a matacin injin busar da kaya, ba wanda zai tare ka a matakala. Washegari za ka sauka ka tarar da 'yar takarda manne a jikin injin, da manyan baƙaƙe, ba suna. Ban ce tarbiyya ce mai kyau ba. Ita muka tarar.

Ɗakin yana can ƙasan gini. Injin wanki biyu ne, gidaje kuwa sun fi ashirin, don haka sai an kama lokaci. A da wani allon ƙarfe ne a bango mai ramuka jere-jere, kowane rami rana ce da lokacinta. Kowane gida yana da ɗan kwaɗonsa. Ka zura shi a ramin da kake so, ka murɗa makulli, lokacin ya zama naka, ko sarki ne ya zo sai ya jira.

Gunvor Ekblad tana hawa na uku, daidai saman kaina. Tela ce a da. Idonta ya fara tafiya bayan rasuwar mijinta, a hankali, har ya zama ba ta bambance komai sai haske da duhu. Amma allon nan bai taɓa gagarar ta ba. Sai ta kama kusurwarsa, ta bi ramuka da yatsa, ta sa kwaɗonta a safiyar Talata. Kowa a gidan ya san Talata da safe ta Gunvor ce.

Tana da ɗa guda, Staffan, yana zaune a garin Örebro. Tun da idon ya tafi yake so ya mai da ita gidan kula da tsofaffi da ke kusa da shi. Ta ƙi. Da ya matsa, sai ta yi masa alkawari: ranar da ta kasa dafa abincinta ko wanke kayanta da hannunta, za ta haɗa akwati ta bi shi, ba gardama. Gunvor kuwa in ta faɗi magana ba ta janyewa, ko da maganar za ta cuce ta.

Da bazara ta shigo na tafi tsibiri wurin ƙanena kamar yadda na saba. A bayana kwamitin gida ya sa aka cire allon ƙarfe, aka kafa na gilashi, irin wanda ake taɓawa da yatsa. Aka raba wa kowane gida wani ɗan kwabon roba. Ka kanga shi a gindin allon, ya yi ƙara, ranaku su bayyana, ka danna wadda kake so. Ga mai ido abin ba laifi. Ni da yatsuna suka yi kauri ma ina iyawa.

Gunvor ta sauka ta shafa bango, ta ji santsi. Ta kanga kwabon, ya yi ƙara, daga nan shiru. Ba rami, ba tudu, ba abin kamawa. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ce a ranta ai kowa ya san ranarta, ta ci gaba da saukowa Talata da safe da kwandonta.

To, wani sabon maƙwabci ya tare a gidan, Pontus, mai 'yan tagwaye. Ya duba allo ya ga Talata da safe ba kowa, ya kama. Ya sauko da tulin kayan jarirai ya tarar injuna biyun suna juyi da kayan wani. Bai nemi mai kayan ba. Ya rubuta takarda ya manna. Gunvor ta dawo kwashe wanki, hannunta ya ci karo da takarda da salatif. Mace ce mai tsabta, ta san salatif yana ɓata fenti, sai ta ɓare ta jefa a kwandon takardu. Mako na gaba Pontus ya sake tarar da injuna a cike, ga kuma takardarsa a shara. Ya rubuta wata mai zafi. Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Haka suka yi ta yi har bazara ta ƙare, shi yana rubutu, ita tana shara.

Da na dawo, a zaman kwamiti na ji labarin, don ni ne mai kula da abin da ya shafi ƙasan gini. Pontus ya kai ƙara, an gano kayan na Gunvor ne, an kuma tura wa Staffan saƙo, tunda shi ke karɓar saƙonnin gidanta. An rubuta masa cewa mahaifiyarsa tana wanki a lokacin mutane, an yi mata magana sau da yawa, ba ta amsawa.

Na ce, "Wa ya yi mata maganar?"

Shugabar kwamiti ta ce an rubuta mata.

"Ba ta gani fa."

"Masu allon sun ce yana da murya, kowa zai iya amfani da shi. Kuma ba ma so mu takura mata a gidanta."

Ni ma ɗan garin ne. Sai da na kwana biyu ina hawa rabin matakala ina dawowa kafin na ƙwanƙwasa ƙofarta.

"Wane ne?"

"Evert ne, na ƙasa."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To gobara ce?"

"Buɗe dai, Gunvor."

Ta buɗe, ta dafa gahawa, ta ajiye min burodin kirfa. Na gaya mata zancen takardun. Fuskarta ta yi ja har kunne.

"Wato watannin nan lokacin mutane nake ci. Ni."

"Ba ki sani ba."

"Shi ya sa Staffan ya bugo waya yana tambayata wace shekara muke ciki. Ni da na koya masa ƙirga. Yana zaton kaina ne ya fara juyewa. Asabar ta sama zai zo, wai an ba mu lokaci mu je mu duba ɗaki a gidan tsofaffin can."

"Ki gaya masa allo ne."

"Na gaya masa. Ya ce, to Mama, kina iya kama lokacin ko ba kya iyawa? Me zan ce? Ba na iyawa."

Na ce ta ba ni kwabon, ni zan riƙa kama mata Talatarta, ba wanda zai ji.

"Sannu da taimako. In ka tafi tsibirinka fa? In ka mutu fa? Ka girme ni, kada ka manta."

"Da 'yan watanni."

"Girma dai girma ne. Da hannuna na ce wa yaron nan, ban ce da hannun tsohon mai walda ba. In na yi masa ƙarya a wannan, gobe in na ce masa lafiyata ƙalau ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya."

Na sauka na bugo wa kamfanin da ya kafa allon. Na'ura ce ta ɗauka, ta ce in danna kaza, in danna kaza. Da na samu mutum na ce masa ba gyara nake nema ba, wanda ya zana abin nake nema, kuma ni ba ni da aikin yi, zan iya kwana a kan wayar. Ya yi dariya ya ce zai isar. Ban yarda da shi ba. Amma kafin mako ya fita sai ga wata mace ta jingine keke a ƙofar gida cikin ruwan sama. Za ta kai shekara arba'in. Ta ce sunanta Ylva Sandmark, ita ce ta tsara abin da ke bayyana a fuskar allon.

Muka sauka mu uku. Ylva ta ce abin ya ba ta mamaki, domin sun saka murya musamman don marasa gani, kuma sun gwada.

Gunvor ta ce, "Da ido rufe kuka gwada?"

"Da ido rufe. Ni da kaina na ɗaure fuskata da gyale."

"Madalla. To ina ake kunna muryar?"

"Ga shi nan a kusurwar sama, ɗan hoton kunne. Sai ki..."

Ta tsaya. Yatsanta na kan gilashin.

"Hoto," in ji Gunvor.

"Hoto." Ylva ta sauke hannu. "Mun kunna muryar tukuna, sannan muka ɗaure fuska. Mu shida a ɗaki, ba wanda ya lura."

Na ɗauka za ta fara kare kanta, irin na mutanen ofis. Ba ta yi ba. Ta ciro kwamfutarta ta ɗora a kan teburin ninke kaya, ta ce aƙalla za ta iya barin muryar a kunne yanzu. Ta ce Gunvor ta kanga kwabon. Sai allon ya buɗe baki kamar mai shela a tashar jirgin ƙasa: "Barka da zuwa, Gunvor Ekblad." Ya kama karanto ranakun wata tun daga farko, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka wuce.

"Kashe shi," in ji Gunvor. "Makauniya ce ni, ba kurma ba. Kuma ba sai duk gidan sun ji ranar da nake wanke ɗan kamfaina ba."

Ylva ta kashe. Ta kife kwandon wanki ta zauna a kai, rigar ruwanta tana ɗiga.

"Nuna min yadda kike yi da tsohon. Yi kamar yana nan."

Gunvor ta miƙa hannu ta lalubi gefen allon na hagu, ta bi shi, ta ƙetara zuwa na dama.

"Gefe kike fara nema."

"Shi kaɗai ake ji a wannan abu."

Suka daɗe suna magana, ni ina tsaye. Abin da suka tsaya a kai shi ne in murya ta kama, fuskar allon ta rabu gida biyu kawai. Ka taɓa ɓangaren hagu, ta faɗa maka lokaci na gaba. Ka taɓa na dama, ka kama. Ba suna, ba shela, kuma ta fara daga yau. Ylva ta ce za ta sa allon ya gane kwabon Gunvor, da ta kanga muryar ta tashi da kanta.

"A'a. Ba na so a rubuta a cikin wata na'ura cewa a ɗaki kaza akwai tsohuwa makauniya mai zaman kaɗaici. Ban san wa ke karantawa ba."

Ylva ta dube ta, ta goge abin da ta rubuta. Ta yi tunani. Ta ce to, a yi wa kowa iri ɗaya: duk wanda ya kanga kwabo, allon ya ce masa a hankali, in kana son murya ci gaba da riƙewa. Mai ido ya ɗauke hannu ya yi harkarsa. Ba sai an san kowa ba.

"Wannan ya yi," in ji Gunvor.

Na ce, "Yaushe?"

"Aikin kansa ba shi da yawa. Amma a wurinmu gyara layi yake bi. Akwai mai dubawa, akwai mai sa hannu, allunan nan suna gidaje da yawa."

"Asabar ɗanta zai zo."

"Na ji. Ba zan yi muku alkawarin da ba a hannuna yake ba. Zan dai tsaya a ƙofar mai sa hannun."

Raina ya ɓaci, na kuma bari ta gani. Amma da na hau ɗakina na yi tunani, na ga gara wannan amsa da ta mai daɗin baki.

Kwanakin suka yi ta wucewa. Kullum da safe ina sauka in kanga kwabona, ƙara kawai nake ji. A saman kaina kuwa ina jin ana jan kwalaye. Gunvor ta fara ware kaya. Ba ta sake wanki ba, ta ce ba za ta ƙara taka lokacin wani ba tunda yanzu ta sani. Ranar Juma'a na sauka da safe, na sauka da la'asar. Babu.

Asabar da hantsi ina taga na ga motar Staffan ta tsaya. Ya fito, ƙato ne kamar ubansa, ya tsaya yana kallon tagar uwarsa kafin ya shiga. A lokacin wayata ta yi ƙara. Ylva ce, ina jin hayaniyar yara da usur a bayanta.

"Ina filin ƙwallo da 'yata, ka yi haƙuri da surutu. An sa hannu jiya dab da tashi daga aiki, a gidanku kawai, don gwaji. Yanzu na tuna allon ba zai ɗauka ba sai an kashe shi an kunna. Kana da makullin akwatin wuta?"

Ina da shi. Amma layin wutar allon da na injuna ɗaya ne. Na sauka na tarar duka biyun suna juyi, Pontus yana zaune a benci yana gyangyaɗi. Lokacinsa ne. A gidanmu kashe wa mutum inji a tsakiyar wanki ya fi zagin uwa.

Na tashe shi na gaya masa komai a tsaye, ban tausasa ba. Ya saurara baki buɗe.

"Ba ta gani? Ni na rubuta mata cewa... kai." Ya rufe fuska da hannu. "Kashe. Kashe kawai, tsoho."

Na kashe wuta, na kunna. Allon ya yi duhu, ya daɗe, har na fara tunanin na lalata shi gaba ɗaya. Sannan ya haska. Ban samu na gwada ba, sai na ji sandar Gunvor a matakala, Staffan yana biye da ita. Ashe shi ya ce su sauko ya ga allon da idonsa kafin su kama hanya.

"Evert, warin man gashinka nake ji. Akwai labari?"

"Gwada mu gani."

Ta lalubi gindin allon ta kanga kwabon. Ya yi ƙara. Sai wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "In kana son murya, ci gaba da riƙewa." Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta riƙe. Muryar ta ce, "Asabar da rana, an kama." Gunvor ta nemi gefen hagu ta taɓa. Ta sake taɓawa, tana tafe tana saurare, har ta iso.

"Talata da safe, an kama."

"Wane mara kunyar ne?"

"Ni ne," in ji Pontus daga bayanta. "Pontus, na hawa na biyu. Zan sakar miki yanzu."

"Kai ne marubucin?"

"Ni ne."

"Bar shi. Ka riga ni, naka ne. An ce tagwaye gare ka, ka fi ni buƙatar safiya." Ta ci gaba da taɓawa. Laraba ta ce tana zuwa wurin mai gyaran ƙafa. Da aka zo Alhamis da rana, ba kowa, ta kai hannu dama. Muryar ta tambaya ko ta tabbata. Ta sake taɓawa.

"Alhamis da rana, an kama miki."

Staffan ya matso ya duba gilashin, ya duba uwarsa.

"Mama, ko za ki sake yi in gani?"

"Ni ba karen wasa ba ce. Ka gani sau ɗaya."

Ya koma ya zauna a benci, bencin ya yi ƙara. Ya sunkuyar da kai ya saki wani dogon numfashi, kamar wanda ya sauke buhu.

"Na ɗauka kanki ne, Mama. Tun da saƙon nan ya zo ba na barcin kirki. Haka cutar Baba ta fara, da rikita ranaku."

Gunvor ta lalubo kansa ta dafa, kamar yana yaro.

"Na sani. Kaina yana nan. Bangon ne aka canja."

Ya ciro waya ya koma lungu. Muna ji yana ba da haƙuri, yana cewa a ba wani lokacin, ba za su zo ba. Gunvor ta karkata kunne har ya gama, sannan ta ce tunda ya ƙona mai ya zo, sai ya hau ya mai da mata kwalaye inda suke, kuma akwai dankali da kifi in bai fi ƙarfinsu ba. Suka hau suna gardama a kan ko dankalin zai isa.

Na tura wa Ylva kalma biyu, ya yi. Sannan na taya Pontus tayar da injuna, don sun tsaya da ruwa a cikinsu. Ƙafafuna suka ce in zauna, na zauna. Muka zuba wa kayan jarirai ido suna juyi.

Can ya ce, "Kana ganin in kai mata furanni?"

"Ba ta son a yi mata biki. In kun haɗu a matakala ka gaishe ta, ka faɗi sunanka, don ta san da wa take magana."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kullum fa."